Kafin ka danna kalkuleta: yadda zaka riƙa yin lissafin yau da kullum ba tare da an yi maka wayo ba

Wallahi akwai abin da yake ban mamaki, mutum ne da hankalinsa, wayarsa a hannu, zai danna lamba a kalkuleta yatsansa ya ƙara sifili ɗaya bai lura ba, amsa ta fito ninki goma kuma ya karɓa hannu bibbiyu don wai ai na'ura ce ta faɗa. Na'urar bata yi ƙarya ba fa, abin da ka danna ta lissafa, ba abin da kake nufi ba. Shi yasa duk abin da zan faɗa a nan yana tsaye ne a kan ɗabi'a guda ɗaya: ka kintaci amsar da kanka tukun, sannan ka bar kalkuleta ta gyara maka 'yan canjin da suka rage. Lambobin kuɗin da zan kawo ban saka musu sunan kowane kuɗi ba, ka ɗauka da wanda kake kashewa, lissafin bai canzawa.

Mataki na farko: koyi kintace

A ce zaka sayi abu guda 19, kowanne 487. Kar ka fara da 487, kanka zai ɗau zafi a banza. Ka ce 20 sau 500, dubu goma kenan, kuma tunda duka biyun ɗaga su ka yi ka san gaskiyar tana ƙasa da haka kaɗan. Ainihin amsar 9,253 ce. Yanzu in aka miƙo maka rasit an rubuta 92,530 ko 925 ba sai an faɗa maka akwai matsala ba.

In kana son kintacen ya fi matsowa kusa, a wurin ninkawa ka ɗaga ɗaya ka sauke ɗaya. 48 sau 62, ka mayar da shi 50 sau 60, ka samu 3,000, gaskiyar 2,976. A wurin rabawa kuma akasin haka ne, duka biyun zaka tura gefe guda: 392 a raba 19, ka ce 400 a raba 20, wato wajen 20.

Canji kuwa daina ɗebewa, ka riƙa hawa sama kamar yadda tsofaffin 'yan kasuwa ke yi. Kaya 6,350, an ba da 10,000. Ka ɗora 50 ya zama 6,400, ka ɗora 600 ya zama 7,000, ka ɗora 3,000 ya cika. Canji 3,650, babu aro babu "mun ajiye ɗaya". Sannan sau 5 ai sau 10 ne a raba biyu (86 sau 5, wato rabin 860, 430), sau 25 kuma sau 100 ne a raba huɗu. Waɗannan sun isa, ba sai ka haddace dabaru hamsin ba.

Mataki na biyu: kashi cikin ɗari, nan ne ake cin mutane

A nan zan daɗe don gaskiya rabin asarar da mutane ke yi a lissafi daga nan take.

Abu ɗaya zaka riƙe: kashi 10. Kashi 10 na kowace lamba ka raba ta goma ne kawai, in tana da sifili a ƙarshe ka cire shi. Daga nan komai yake fitowa, kashi 5 rabinsa ne, kashi 20 ninkinsa ne, kashi 1 ka sake raba shi goma. An ce maka an yi ragin kashi 15 a kan kaya na 8,400? Kashi 10 shi ne 840, rabinsa 420, ka haɗa 1,260, zaka biya 7,140. Kashi 35 na 2,600? 260 sau uku 780, ƙara 130, 910. Shikenan.

Akwai wata dabara da na daɗe ban sani ba kuma da na gano ta sai da na ji haushin shekarun da na yi ina wahala: kana iya juya lambobin. Kashi 16 na 25 daidai yake da kashi 25 na 16, wato kwatan 16, wato 4. Kashi 8 na 50 shi ne rabin 8. Dalili kuwa duk ninkawa ce, kuma a ninkawa wanda ya zo gaba da wanda ya zo baya duk ɗaya.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar da ya kamata ka riƙa yi kullum ita ce: kashi kaza na me? Duba nan. Abu yana 1,000, ya tashi da kashi 20 ya koma 1,200, bayan kwana biyu aka ce an sauke kashi 20. Mutane da yawa zasu ce ya dawo inda yake, a'a, kashi 20 na 1,200 shi ne 240, ya koma 960. Haka in jarinka ya zube da kashi 50, ba ribar kashi 50 ce zata mayar da kai ba, sai kashi 100 cif, don daga 500 zuwa 1,000 ninkawa ce.

Ragi a kan ragi ma haka. In ka ga an rubuta ragin kashi 30 sannan ƙarin ragin kashi 20, ba rabin kuɗi bane. 1,000 ya koma 700, a cire kashi 20 na 700 wato 140, saura 560. Ragin kashi 44 aka yi maka, ba 50 ba.

Haraji kuma, in kuɗin da ka gani a rasit 1,150 ne kuma an riga an saka harajin kashi 15 a ciki, kar ka ɗebe kashi 15 daga 1,150, zaka samu 977.5 wanda ba daidai bane. Rabawa zaka yi da 1.15 ka samu 1,000. An ninka ne wajen sakawa, sai a raba wajen cirewa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na masu sana'a. Ka saro abu 800 ka sayar 1,000, riba 200. In ka auna da kuɗin sari kashi 25 ne, in ka auna da kuɗin sayarwa kashi 20 ne, duka biyun gaskiya ne amma ba abu ɗaya bane. Sai mai kaya ya ce ai kashi 25 na ɗora, bari in yi wa wannan ragin kashi 25 in tashi ba riba ba faɗuwa, alhali kashi 25 na 1,000 shi ne 250, ya sayar 750, ya ci 50 daga uwar kuɗi yana murmushi yana godiya. Irin wannan lissafin dokin Rano ɗin ya rufe sana'o'in da ba za su ƙirgu ba.

In kuma kana son sanin da kashi nawa abu ya canza, ka ɗauki bambancin ka raba da tsohon, kullum da tsohon. Daga 400 zuwa 500 ƙarin kashi 25 ne, daga 500 zuwa 400 ragin kashi 20 ne.

Mataki na uku: nemo kuɗin guda ɗaya

Babban mazubi ba kullum yake fin araha ba, kawai mun saba ɗauka ne. Sabulun ruwa, ƙaramar roba mililita 750 a 900, babba lita 2 a 2,600. Fara mayar da su awo ɗaya, lita 2 mililita 2,000 ce. 900 a raba 750 ya ba da 1.2, 2,600 a raba 2,000 ya ba da 1.3. Ƙaramar ta fi sauƙi, ko ka so ko ka ƙi.

Amma ka lissafa da abin da zaka yi amfani da shi, ba abin da aka rubuta ba. Data gig 6 a 2,400, kowane gig 400. Gig 10 a 3,500, kowane 350, da gani ta fi. Sai dai in wata ɗaya take yi ta mutu kuma kai gig 6 kake iya ci, to 3,500 ka raba 6, kowane gig ya tsaya maka wajen 583.

Wannan "nemo na ɗaya" ɗin shi ke warware duk lissafin gauraya da na rabo. Takardar maganin feshi ta ce mililita 40 a ruwa lita 16, kai kuma lita 10 zaka haɗa: 40 a raba 16, kowace lita 2.5, sau 10, mililita 25. Mutum uku sun haɗa jari, ɗaya 300,000, ɗaya 200,000, ɗaya 100,000, wato kaso 3 da 2 da 1, jimla kaso 6. Riba ta zo 90,000, kowane kaso 15,000, sai a ba su 45,000 da 30,000 da 15,000, babu mai ɓata rai. Ka kula da abu ɗaya, in an ce 1 da 4 jimlar kaso biyar ce, na farkon ɗaya cikin biyar ne, ba kwata ba. Haɗin kankare na 1 da 2 da 4 (siminti, yashi, tsakuwa) kaso bakwai ne.

Mataki na huɗu: awon ɗaki, tayil, fenti da tanki

Kafin komai, duk lambar da ka rubuta ka rubuta awonta a gefenta. Ni na taɓa auna ɗaki da ƙafa na karanto wa mai tayil lambobin ta waya ban ce ƙafa bane, shi kuma ya ɗauka mita, kuɗin da ya faɗa min sai da na zauna. Da aka duba ashe ya lissafa min tayil ɗin da zai rufe ɗaki goma. Kuma ba mu kaɗai ba, a 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon da ta tura duniyar Mars saboda wani rukunin injiniyoyi ya ba da lambobi da awon fam (pound) na Turanci, ɗaya rukunin kuma ya karanta su a matsayin awon tsarin mita. Don haka riƙe waɗannan: inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya inci 12 ce wato santimita 30.48, sikwaya mita ɗaya kuma wajen sikwaya ƙafa 10.76 ce. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 sikwaya ƙafa 144 ne, ka raba da 10.76, sikwaya mita 13.4 kenan.

Tayil. A ce ɗakin mita 4 ne da mita 3.5, tsawo sau faɗi, sikwaya mita 14. Tayil ɗin santimita 40 da 40 ne, ka mayar da shi mita tun kafin ka ninka: 0.4 sau 0.4, 0.16. Nan mutane ke zamewa, suna ɗauka tunda mita ɗaya santimita 100 ce to sikwaya mita ma 100 ce, alhali 100 sau 100 ne, 10,000. To 14 a raba 0.16 ya ba da 87.5, babu mai sayar da rabin tayil, 88. Ƙara kashi 10 saboda yanka da fashewa, 97. In katan yana cin 12, katan 8 guda 96 ne, ya gaza da ɗaya tak. Ni a nan sai in duba ɗakin, in miƙaƙƙe ne babu lungu katan 8 ta isa don dama kashi 10 ɗin ma kintace ne, in kuwa akwai kusurwoyi da yawa ko za a jera shi a karkace gara in ɗauki 9, saboda in ka dawo bayan wata biyu da wuya ka sami kalar da ta yi daidai da ta farko.

Ɗakin da ba murabba'i ba, irin mai lanƙwasa, ka yanka shi a takarda gida biyu ko uku masu kusurwa huɗu, ka lissafa kowanne ka tara.

Fenti kuma bango ake lissafawa ba ƙasa ba. Kewayen ɗakin nan namu 4 da 3.5 da 4 da 3.5, mita 15. Tsayin bango mita 3, sikwaya mita 45. Cire ƙofa wajen 2, taga wajen 1.5, saura 41.5. Sau biyu za a shafa, 83. Sai ka duba jikin bokitin, in an rubuta lita ɗaya tana rufe sikwaya mita 10, kana buƙatar lita 8.3, ka ce 9. Sabon bango da bai taɓa ganin fenti ba yana sha sosai, ka ƙara a kai, rufin sama kuma lissafinsa daban, daidai yake da faɗin ƙasan.

Akwai wata dabarar magina da nake so ƙwarai, ta gane ko kusurwa ta miƙe. Daga kusurwar ka auna santimita 60 a bango ɗaya ka yi alama, ka auna 80 a ɗayan ka yi alama, sai ka auna tsakanin alamomin biyu. In ya ba da 100 cif kusurwar daidai take, in ya wuce ta buɗe, in ya gaza ta matse. Wannan shi ne 3 da 4 da 5, don 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun haɗa 25, wato 5 sau 5, ƙa'idar da ake jingina wa Pythagoras na Girka duk da mutanen Babila sun san ta fiye da shekara dubu kafin a haife shi. A fili babba ka yi da mita 3 da 4 da 5, igiya da turaku uku sun isa.

Tanki: in akwati ne, tsawo sau faɗi sau zurfi. Mita 2 da 1.5 da 1 ya ba da 3, kuma duk akwatin mita ɗaya ta kowane gefe lita 1,000 yake ci, kenan lita 3,000. In mai zagaye ne ka auna faɗin bakinsa ka raba biyu, ka ninka wannan rabin da kansa, sau 3.14, sau tsayi. Faɗi mita 1.2, rabi 0.6, sau kansa 0.36, sau 3.14 ya ba da 1.13, sau tsayin 1.5, wajen lita 1,700. Gida mai mutum 6 in kowa yana amfani da lita 50 a rana, 300 kenan, tankin zai yi kwana biyar da 'yan kai. Kuma ka lura, in ka ninka tsayin tanki mai zagaye ruwan ya ninku biyu, amma in faɗinsa ka ninka ruwan huɗu yake ninkuwa.

Mataki na biyar: tafiya, mai da wuta

Nisa a raba da gudu shi ne lokaci, kilomita 270 a gudun kilomita 90 a kowace awa, awa 3 ne. Tarkon yana wurin ɗigo: in kalkuleta ta ce 2.5 ba awa biyu da minti hamsin bane, awa biyu da rabi ne, 2.25 kuma awa biyu da kwata. Abin da ke bayan ɗigo ka ninka shi da 60.

Masu son taka mota su yi wannan lissafin ko sau ɗaya. Kilomita 100 a gudun 100 minti 60 ne, a gudun 120 minti 50. Minti goma kacal ka tsira da shi, kar garin neman gira a rasa ido. Sannan in ka je a gudun 60 ka dawo a gudun 40, matsakaicin gudunka ba 50 bane, a tafiyar kilomita 120 zuwa awa 2 dawowa awa 3, 240 a raba 5, 48, saboda ka fi daɗewa a jinkirin.

Shan mai kar ka tambayi kowa, gwada da kanka. Cika tanki, rubuta lambar kilomitan da ke gaban direba, yi zirga-zirgarka, ka sake cikawa. In ka yi kilomita 360 kuma lita 30 ta shiga, motarka tana yin 12 a lita. Tafiyar kilomita 500 zata ci wajen lita 42, ka ɗora wani abu saboda cunkoso.

Wutar lantarki ba wuya: wat ɗin da aka rubuta a jikin kayan sau awannin da yake aiki, a raba 1,000, shi ne yunit. Fanka mai wat 75 awa 8 a rana 0.6 ne, a wata yunit 18. Duk abin da aikinsa zafafawa ne, dutsen guga, hita, shi ke da babbar lamba, ka fara dubawa daga can.

Mataki na shida: bashi da biyan kaɗan-kaɗan

Duk wanda zai sayar maka da abu a biya a hankali ƙaramar lambar zai nuna maka, kai kuma aikinka ka ninka. Abu kuɗi hannu 120,000, ko ka riƙa biyan 12,500 har wata 12. 12,500 sau 12, 150,000, ƙarin 30,000, kashi 25 a kai. Kuma a zahiri ya fi haka tsada, don ba 120,000 ɗin ke hannunka duk shekarar ba, kana ragewa kowane wata amma ƙarin an yanka shi kamar baka biya komai ba. Ka tambayi ko akwai kuɗin fom ko na jinkiri ka tara su a ciki kafin ka kwatanta.

In kuma aka ce maka kuɗin ruwa kashi 5 ne, ka ce a wata ko a shekara? Kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara, in kuwa ana ɗora ruwa a kan ruwan da ba a biya ba sai ya kusa kashi 80, wato 100,000 ya zama wajen 180,000.

Don sanin yaushe abu mai hawa a kai a kai zai ninku akwai lissafin 72, tsoho ne sosai, wani masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya ambace shi tun 1494. Ka raba 72 da kashin da abin ke ƙaruwa a shekara. In farashin kaya yana hawa kashi 12 duk shekara, cikin shekara 6 ya ninku, ma'ana kuɗin da ka ɓoye a akwati rabin kayan da yake saye yau zai saya a lokacin. In kashi 8 ne shekara 9. Da wata ma yana aiki, bashin nan na kashi 5 a wata in ka ƙyale shi baka biya komai ba, 72 a raba 5, cikin wata 14 da 'yan kwanaki ya zama biyu. Kintace ne dai, ya fi dacewa tsakanin kashi 6 zuwa 10, in kashin ya haura 20 sosai amsar tana fara kaucewa, a nan sai ka ɗauko kalkuleta ka riƙa ninkawa shekara bayan shekara har ka ga inda ya ninku.